Bututun Iska

A Calama, inda ruwan sama kan shekara bai leƙo mu ba,
na kwanta rigingine ƙarƙashin motar Wilfredo,
kwali a bayana, sifana mai lamba goma a haƙorana,
ina laluben abin da babu shi.

Ga ramukan noti uku, sun yi tsatsa, sun zuba mini ido.
Nan ne mazauninsa.
Baƙar roba ce, kamu ɗaya da 'yar ɗoriya,
baki buɗe ta gaba kamar kifin da aka fid da daga ruwa,
wuya a lanƙwashe, ya nufi akwatin rabon ƙarfi,
tukunyar ƙarfen nan ta tsakiyar ciki
mai karɓar gudu daga giya
ta raba wa ƙafafu huɗu
yadda uwa ke gutsura burodi ɗaya ba a yi faɗa ba.

Wilfredo ya tsuguna, ya leƙo ni.
"Nélida, dutse ya fasa shi a hanyar San Pedro,
yana ta kaɗawa ƙwas ƙwas, ya ishe ni,
na fizge na jefar. Roba ce fa.
Ba ya juyawa, ba ya shan mai, ko waya babu a jikinsa."

Na kwance matoshi, mai ya tsiyayo a tasa,
baƙi ƙirin, da warin gashin da ya ƙone,
ɓarɓashin ƙarfe na ƙyalli a cikinsa
kamar taurarin da baƙi ke biyan kuɗi su zo gani a hamadarmu.
Na dangwala da yatsa, na miƙa masa saitin hanci.
Ya cire hula. Ya sosa ƙeya.

Awa huɗu yana hawan tudu cikin yashi,
ƙafafu huɗu duk a ɗaure da aiki,
rana a sama, gishiri a ƙasa,
akwatin na dahuwa a cikin mansa
ba mai yi masa fifita.

Sabon bututu sai daga Santiago, kwana goma sha biyu.
Shi kuwa jibi da asuba zai ɗauki masu awon ƙasa.
Na jawo guntun kwano daga bayan gareji,
na zana da alli, na yanka da almakashin Baba,
na naɗe shi a gwiwata, ya yanke ni a babban yatsa.
Bai yi kyau ba. Ya karkace kamar hancin ɗan dambe.
Amma da na sa tafina a ƙarshensa,
na ce wa yaron shago ya kunna fanka ta gaba,
sai na ji sanyi ya sauko mini a hannu
daidai wurin da ake bukatarsa.

Baba ne ya koya mini wannan gwajin.
Evaristo, shekara talatin da ɗaya a ramin tagulla
kafin ya buɗe garejin nan da kuɗin sallama.
Yakan ce ƙarfe ma numfashi yake yi,
wanda ya raina hanyar iska bai taɓa rasa ta ba.
A lokacin ina ɗauka zancen mota yake.

Na rufe shago bayan faɗuwar rana.
Sabulu ya gaji da farcena, na bar shi haka.
A gida na tarar da shi a kujerarsa ta bakin taga,
injin na gurnani a gefen ƙafarsa,
siririn bututun ya zame daga kunnen hagu,
leɓɓansa sun soma yin shuɗi
shi kuwa girman kai ya hana shi kiran maƙwabciya.

Na mayar masa a hanci, na zagaya da shi bayan kunne.
Muka jira.
Ƙirjin ya hau, ya sauka, ya sake hawa.

Sai ya kamo yatsuna, ya sunsuna,
ya ɗaga gira ɗaya,
ya ce, a hankali, kalma kalma,
"Wane sakarai ne ya ƙona akwatinsa?"